Waƙar Ubangiji a Baƙuwar Ƙasa

Karatu: Zabura 137 da Romawa 1:8-12

Yau za mu yi magana a kan tafiyar mawaƙa: me ke kai ƙungiyar mawaƙa wata ƙasa, me kuma ya kamata ta komo da shi.

A Zabura 137, mutanen Allah suna bauta a Babila. Waɗanda suka kama su sun ce su yi musu waƙar Sihiyona, su kuwa suka rataye kayan kiɗansu a itatuwa, gama baƙin ciki ya hana su. Amma a wasiƙarsa zuwa Romawa, manzo Bulus ya ce yana marmarin zuwa wurinsu domin ya ƙarfafa su, nan take ya ƙara da cewa su ma za su ƙarfafa shi. Bambancin ke nan. A Babila an nemi waƙa don ba'a. A Roma kuwa 'yan'uwa ne za su sadu, kowa ya ba da abin da Allah ya ba shi.

Ga misali daga ƙasarmu. A shekara ta 1923 mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida. Daga nan aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A watan Afrilu na 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. A watan Oktoba na shekarar suka kama hedkwatarta a Kwarhi, kusa da Mubi. An ƙone majami'u da yawa, jama'a suka watse. Duk da haka, a tsakiyar 2015 mawaƙan Zumuntar Matan EYN suka tafi Amurka. Suka zaga ikkilisiyoyi a jihohi dabam dabam, suka kuma yi waƙa a babban taron shekara na ikkilisiyar 'Yan'uwa a birnin Tampa, jihar Florida, a watan Yuli. Sun je gode wa waɗanda suka tara kuɗin agaji dominsu. Da Hausa suka yi waƙoƙinsu, da irin kayan kiɗan da muka sani. Waɗannan mata suna da dalilin rataye kayan kiɗa, amma ba su rataye ba.

To, me kowane gefe yake koya a irin wannan saduwa?

Turawa sun saba da waƙa mai murya huɗu, kowa yana riƙe da littafi yana bin nasa layi. Wannan yana koya wa mawaƙi ya saurari ɗan'uwansa, kada ya danne shi. Mu kuwa namu salo shi ne mai ba da waƙa da 'yan amshi. Ba ya bukatar littafi, saboda haka tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana shiga tun daga amshi na biyu, ta tafi gida da ayar a bakinta.

Akwai kuma zancen harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya. Kukan yaro dabam, kukar miya dabam, murya ce ke raba su. Waƙoƙi da yawa na cikin Littafin Waƙoƙi an juyo su ne daga Turanci tare da karinsu na asali, shi ya sa wani lokaci kari yakan hau inda kalmar take sauka, ma'ana ta yi duhu. Ba mu raina su ba, gama da su iyayenmu suka yi sujada tun zamanin da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma waƙar da matan Zumunta suka shirya da kansu, karinta yana bin maganar, kowa yana ji sarai.

Haka kuma kayan kiɗa. Masu bi na fari a ƙasar Kano, da yawansu daga gidajen Maguzawa suka fito. Sun san garaya da goge a wurin bori, don haka suka yi taka tsantsan da su. Bai kamata mu yi musu dariya ba, sun san abin da suka baro. Amma ikkilisiya ba ta zauna shiru ba. Mata suka ɗauki tulu da kacau-kacau, suka miƙa su ga aikin Ubangiji. Abin da ke tsarkake kiɗa shi ne wanda ake yi wa, da kuma zuciyar mai yi.

Wani zai ce, mu da ke Tofa ko Bichi ko Tsanyawa, ina mu ina jirgin sama? Ku dubi gonakinmu. A nan ƙasar gona tana manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ita. Kakanninmu sukan kora jaki zuwa birni da kara ko itace, ya komo da taki a mangala. Ba ya tafiya wofi, ba ya komowa wofi. Haka ziyarar mawaƙa ta kamata ta zama, ko zuwa Amurka ce, ko zuwa ƙauyen da ke bayan rafi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Saboda haka, idan kaka ta yi, an shigar da gero da dawa a rumbu, aka fara ziyarce-ziyarce, mu riƙe abu uku.

Na ɗaya, masu tafiya su tafi da waƙarsu. Kada matasanmu su ji kunyar tulu don sun ga wasu da molo na lantarki. Wanda ya kai wa mutane abin da suke da shi, bai kai musu kome ba.

Na biyu, su komo da sabuwar waƙa ko da guda ce, su tambayi ma'anarta, su gwada ta da Maganar Allah kafin su koya wa jama'a.

Na uku, kada ziyara ta zama gasa ko roƙo. Masu masauki su ba da tuwon da suke da shi, kada su ci bashi don neman suna. Baƙi kuma su karɓa da godiya, su tuna akwai gwauraye da marasa lafiya a garin da ba su iya zuwa majami'a ba. A je ƙofar gidansu a yi musu waƙa.

Wahayin Yahaya sura 7 ta nuna mana taro daga kowace kabila da harshe a gaban kursiyin Allah. A can ba za a rasa Hausa ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waƙar da ka sa a bakinmu. Ka ta'azantar da 'yan'uwanmu da ke cikin tsanani. Ka kiyaye mawaƙanmu a hanya, ka ba mu tawali'u mu koya daga juna. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.