Ɗakin Amarya Kafin Jere

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ana gobe jere ya san yadda yake: bango ya sha fenti, ƙasa tayil, babu ko tsinke. Ka yi sallama, ɗakin ya riga kowa amsawa. Washegari gwaggwanni su kafa gado, su ɗora katifa, su shimfiɗa kafet, su rataya labule, su cika wadirob da atamfofi, sai ka ji magana ta zauna daram. Muryar tana nan yadda take, kayan ne suka shanye amsa-kuwwar.

Yawancin matasan da ke ɗaukar waƙa a gida, a ɗakin da ba a yi wa jere ba suke yi, sannan su ɗora wa makirufo laifi. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa guda. A ɗan ƙaramin ɗakin siminti, kafin mawaƙi ya rufe baki muryarsa ta bugi bango ta dawo sau da yawa, makirufo kuwa ba ya tankaɗe, duk kwashewa yake. Mai tsadar ma ya fi tona asirin ɗaki.

Ba yau aka gano haka ba. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa Wallace Sabine gyaran wani zauren lacca da ba a gane abin da malami ke faɗa. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga wani zauren, yana auna yadda ƙara ke saurin mutuwa gwargwadon yawansu.

To, a yi jeren. Bargo mai kauri a rataye shi bayan mawaƙi, domin can ne makirufo ke fuskanta. A jingina katifa a kusurwa, inda sauti mai kauri ke taruwa. A kauce wa tsakiyar ɗaki, a matso da baki kamar taƙi ɗaya daga makirufo. A tafa hannu kafin gyara da bayansa, kunne zai ba da labari. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa, wahalar banza ce, bai da kaurin da zai sha komai na kirki.

Sai dai jere ba ya hana jin maƙwabta. Bargo ba ya tare ƙarar janareto ko injin markaɗe, wannan aikin bango mai nauyi ne da ƙofar da ba ta da kafa. Wanda ba shi da su, ya jira unguwa ta yi barci, ya kashe fanka, ya daure wa zufa.