Ɗakin Gwaji da Ɗakin Wayoyi: Kemistiri da Sadarwar Kwamfuta a Kwalejojin Al'umma na Amurka

A shekarar 1901, a garin Joliet na jihar Illinois a ƙasar Amurka, shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown, da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper, suka yi shawarar buɗe wani aji domin waɗanda suka kammala sakandare amma ba su da halin barin gida zuwa jami'a. Da ɗalibai 6 aka fara. Wannan ɗan ajin shi ne asalin abin da ake kira kwalejin al'umma, sunan da ya bazu bayan rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947. A yau akwai irin waɗannan kwalejoji wajen 1,000 a ƙasar. Karatunsu na shekara 2 ne, kuɗin makaranta da sauƙi, akwai azuzuwan dare domin ma'aikata, kuma akasarinsu ba su mayar da duk wanda ya zo da takardar sakandare. Mai karatu a Nijeriya zai iya kwatanta su da kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da difloma ta shekara 2, ko da yake ba su zama ɗaya ba.

Za mu duba darussa biyu da ake koyarwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, amma kowannensu da inda yake kai mutum.

Shi darasin kemistiri, wato ilimin sinadarai, tsani ne. Ba kasafai ɗalibi ke tsayawa a kansa ba, hawa yake yi zuwa jami'a domin ya karanta likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci. A shekarar farko akan koyar da tushen ilimin cikin zango 2, lacca a aji, sannan awa 3 ko fiye kowane mako a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya fi ba sababbin ɗalibai wuya a nan shi ne ma'aunin da ake kira mol. Ƙwayoyin sinadari sun yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, saboda haka akan auna su da nauyi, kamar yadda mai gero ba ya ƙirga tsaba sai dai ya auna da mudu. Giram 18 na ruwa, wato ɗan abin da ya wuce cokali babba guda, mol ɗaya ne, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin ruwa kimanin 602 da sifiri 21 a bayansa. Ranar da ɗalibi zai gane amfanin wannan lissafi ita ce ranar da aka ba shi ruwan asid wanda ba a gaya masa ƙarfinsa ba. Zai riƙa ɗiga masa ruwan soda, irin wadda ake yin sabulu da ita, ɗigo bayan ɗigo, har wani sinadari da aka zuba domin alama ya mayar da ruwan launin hoda. Daga yawan sodar da ta shiga sai ya lissafa ƙarfin asid ɗin. Ɗigo ɗaya ya yi yawa, sai a wanke kwalba a sake daga farko.

Kada wani ya raina wannan tsani. Bruce Merrifield, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 1984, a ƙaramar kwalejin Pasadena ya fara kafin ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. To, amma tsanin yana da matakan da suke karyewa. Kwalejoji da yawa suna da kemistiri iri biyu: mai sauƙi domin masu koyon aikin jinya, da mai zurfi domin masu neman digirin kimiyya. Wanda ya ɗauki na farkon bisa rashin sani, idan ya je jami'a sai a ce masa ba a lissafa shi ba, ga kuɗi sun tafi, ga shekara ta wuce. A 2017 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci. Wannan ne ya sa kwalejoji da jami'o'i suke ƙulla yarjejeniya a rubuce game da wane darasi ne zai tsaya a madadin wane, kuma ɗalibi mai wayo yakan karanta ta tun kafin ya yi rajista.

Shi kuwa darasin sadarwar kwamfuta ƙofa ce da ke buɗewa kai tsaye zuwa wurin aiki. Kwalejoji da dama suna bin manhajar da kamfanin Cisco ya ɓullo da ita a 1997, wadda ke shirya ɗalibi domin jarrabawar shaidar ƙwarewa mai suna CCNA. A ɗakin aikin ba kwalabe, sai wayoyi da na'urori iri biyu: mai haɗa kwamfutocin gida ɗaya, da mai nema wa saƙo hanya daga wannan gida zuwa wancan. Ɗalibi zai koyi cewa saƙo ba ya tafiya dunƙule, daddatsa shi ake yi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshin inda za shi, bisa ƙa'idojin TCP/IP waɗanda aka koma kansu a ranar 1 ga Janairu 1983 a ARPANET, kakar intanet.

Nan ma akwai lissafi, kuma shi ne mol ɗin wannan fanni. Tsohon tsarin adireshi yana da gurabe 32, kowane gurbi 0 ne ko 1, abin da ya ba da adireshi kimanin biliyan 4.3. Sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa aka fito da sabon tsari mai gurabe 128. Alal misali, idan aka bar wa wani ofis gurabe 8 na ƙarshe, yana da adireshi 256, amma 254 ne kawai za a iya ba kwamfutoci, domin na farko sunan zauren ne, na ƙarshe kuma na shela ga kowa. Akan so ɗalibi ya iya raba irin wannan a ka, ba tare da takarda ba. Sai dai takardar CCNA shekara 3 take yi, daga nan sai an sabunta ta, alhali nauyin mol ɗin ruwa yana nan yadda Merrifield ya koye shi. A ganina wannan bambanci ya cancanci malamai su bayyana wa ɗalibansu shi tun da wuri.

Wani abin sha'awa shi ne fannonin biyu suna haɗuwa a cikin waya. Saƙonnin intanet da ke tsallaka teku haske ne da ke gudu cikin zaren gilashi mai sirantar gashi. A farkon shekarun 1960 hasken yakan dushe bayan 'yan mitoci kaɗan. A 1966 Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna cewa laifin ba na gilashin ba ne, na ƙazantar da ke cikinsa ne, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Wato matsalar sadarwa ta koma ta kemistiri. A 1970 masana uku na kamfanin gilashi na Corning a jihar New York, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka tace gilashin har haske ya iya tafiyar kilomita guda da sauran ƙarfinsa. Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. Garin na Corning ma yana da tasa kwalejin al'umma, kuma a can ne Eileen Collins ta yi karatun lissafi da kimiyya na shekara 2, ita ce macen da ta fara jagorantar kumbon Amurka zuwa sararin samaniya a 1999.