Sauya Sheƙar Masu Haɗa Kiɗa: Daga Landan Zuwa Situdiyon Kano da Dandalin Rano

Gabatarwa

A garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, akasarin kiɗan da ake ji a wajen biki ko gangamin siyasa a yau daga lasifika yake fitowa, bayan an haɗa shi a wani ƙaramin ɗaki a birnin Kano ko Kaduna. Masu sauraro sun san mawaƙi, sun kuma haddace baitinsa, amma ba kasafai suke tambayar wanda ya haɗa kiɗan ba. Wannan maƙala ta dubi wannan mutum da ba a gani, musamman abin da ke faruwa idan ya bar wani salo ya koma wani. Domin fito da batun fili, an kwatanta shi da wata sauya sheƙa da ta auku a Ingila.

Yadda Abin Ya Kasance a Landan

A farkon shekarun 1990 aka samu wani salon kiɗan na'ura a Ingila mai suna drum and bass, wato ganga da amon ƙasa. Alamarsa ita ce sauri, domin yakan kai bugu 170 ko fiye a minti ɗaya. Wajen shekarar 2000 kuma wani salon, dubstep, ya ɓullo a unguwar Croydon ta kudancin Landan, a tsakanin matasan da ke taruwa a shagon faifai na Big Apple, irin su Skream da Benga. Shi wannan yana tafiya ne a kan bugu 140, amma da yake ana jinkirta babban bugunsa zuwa na uku a kowace gaɓa, sai kunne ya ji kamar rabin haka ne. Sararin da ya rage tsakanin bugu da bugu kuwa amon ƙasa mai girgiza ƙirji ne ke cike shi.

Bayan da Mary Anne Hobbs ta gabatar da salon a gidan rediyon BBC a watan Janairun 2006, sai masu haɗa drum and bass da dama suka fara gwada shi, daga ciki akwai Chase & Status da Nero da Kryptic Minds, da kuma Martyn ɗan ƙasar Holan. Abin lura a nan shi ne kowa ya ga wannan ƙaura, saboda sunan mai haɗa kiɗan ne a jikin faifai, kuma da sauri da amo ake raba salo da salo. Duk wanda ya sauko daga 170 zuwa 140 ya canza gida, kuma masoyansa za su yi ta muhawara a kai.

Ma'aunin Bahaushe

A ƙasar Hausa ma'aunin daban ne. Tun daga aikin Ames da King na 1971 har zuwa rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ana kasa makaɗa ne bisa wanda suke yi wa waƙa da abin da suke kaɗawa: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan jama'a. An san Narambaɗa da kotso, Shata da kalangu, Ɗanmaraya Jos da kuntigi. Abin kiɗa shaidar matsayi ne, shi ya sa tambari da kakaki suka keɓanta ga sarauta, kuma mai kalangu ba zai wayi gari ya ɗauke su ba.

Fiyano ne ya warware wannan ƙulli. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ta bunƙasa a Kano, kuma situdiyoyi irin su Iyan-Tama da Sarauniya suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR. Nasarar fim ɗin Sangaya a ƙarshen shekarun 1990 ta nuna cewa na'ura guda za ta iya kwaikwayon sarewa da ganguna har jama'a su karɓa. Daga nan salon da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kansa da sunan nanaye ya kafu: namiji da mace suna karɓa-karɓa a kan kiɗa mai ƙanshin finafinan Indiya. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajar FL Studio, wadda ita ce matasan Croydon su ma suka yi amfani da ita. Kayan aiki ɗaya ne, amma abin da ya kori mai haɗa kiɗa daga salo zuwa salo ba ɗaya ba ne.

A Kano doka da kasuwa ne suka fi yin tasiri. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001. A 2007, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka dakatar da shirya finafinai na wani lokaci, aka kuma ɗaure Adam A. Zango a kan kundinsa Bahaushiya. Mai situdiyon da cinsa da shansa suka dogara ga waƙar fim dole ya nemi wata ƙofa. Wasu sun koma Kaduna, wasu kuma suka juya ga ayyukan da ba su rataya a wuyan fim ba. Ɗaya daga ciki shi ne bege. Tun kafin haka, kamar yadda Brian Larkin ya nuna, akwai masu bandiri da ke ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya, don haka shigar fiyano cikin bege ba ta zo a baƙuwa ba, ko da yake malamai sun yi saɓani a kanta. Ƙofa ta biyu ita ce siyasa, wadda ta kai ƙololuwa a zaɓen 2015 da waƙar Masu Gudu Su Gudu ta Dauda Kahutu Rarara.

Sai ta uku, wato sarauta, kuma a nan ne batun ya fi shafar Rano. Naziru M. Ahmad ya yi suna a waƙoƙin fim kafin ya karkata ga fada, har ya zama Sarkin Waƙar Sarkin Kano a zamanin Muhammadu Sanusi II. A irin waɗannan waƙoƙi, amon algaita da tambari yakan fito ne daga maɓallan fiyano, a hannun matashin da bai gaji kiɗa ba. Rano kuwa, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, an ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe tsarin a watan Mayun 2024, sannan aka dawo da ita a daraja ta biyu a watan Yulin shekarar. Fadar da ke buƙatar jaddada martabarta tana buƙatar waƙa, kuma yanzu hanya biyu ce a gabanta: makaɗin gado wanda sai ranar hawa ake jin sa, da ɗan situdiyo wanda aikinsa ke yawo a waya dare da rana.

Duk da wannan kai-komo, mai sauraro bai cika cewa an sauya salon kiɗa ba. Abin da yake cewa shi ne wane ya koma bege, ko ya koma siyasa, yana nufin mawaƙi da jigon waƙarsa. Sau da yawa ma tsarin bugun da aka yi wa waƙar soyayya shi ne ake ɗan gyarawa a ɗora yabon ɗan takara a kai. Wannan ne ya sa manazartan waƙa suka fi mayar da hankali ga jigo da salon sarrafa harshe, suka bar amo a baya, alhali kuwa a cikin amon ne za a gane lokacin da bugun Afrobeats na Legas da na amapiano na Afirka ta Kudu suka fara shiga ƙarƙashin baitin Hausa. Nazarin da zai bi sawun hakan sai ya fara da tattara sunayen masu haɗa kiɗan, waɗanda galibi a ƙarshen waƙa kawai mawaƙi ke ambatar su cikin gaisuwa, idan ya tuna.