HARUFFAN SAYE DA KEKEN SURFANI
Yadda Ake Ɗora Su a Kan Madannai

Jama'a, duk wanda ya ratsa rumfunan telolinmu a Aboabo ko Nima ko Sabon Zango ya san sana'ar ɗinki ta sake kama. Banda aska biyu da aska takwas da kakanninmu suka zo da su, yanzu ana neman a rubuta suna da zare: sunan amarya a matashin kai, sunan makaranta a aljihun riga, sunan ƙungiya a hular 'yan ƙwallo. Samarinmu da yawa sun ci bashi sun sayi keken surfani mai aiki da kwamfuta, sun kuma sayi haruffa ta intanet da kuɗin waje. Amma sau da yawa haruffan nan suna nan kwance ba su amfana musu kome ba, ko kuwa sun ɓata wa mutane shadda ana gobe Salla. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani. Mu dai akawuna ne, aikinmu buga takarda, amma ilmin jera baƙaƙe ɗaya ne, ko a takarda ko a yadi.

ABIN DA AKA SAYA

Keken surfani ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe, Josué Heilmann, ya ƙera na hannu a 1828, sa'an nan Isaak Gröbli na ƙasar Suwizalan ya fito da mai ƙoshiya a 1863. Daga baya aka riƙa huda doguwar takarda tana gaya wa keke inda allura za ta soka. Wajen 1980 ne kwamfuta ta karɓi aikin. Amma har wa yau keken bai iya karatu ba. Bai san "A" ba, bai san "B" ba. Abin da ya sani kurum shi ne: matsa dama kaza, soka, matsa hagu kaza, soka, yanke zare.

To, in mutum ya sayi haruffa, abin da aka aiko masa shi ne tarin ƙananan zane-zane, kowane harafi da fayil nasa, kowane girma da nasa. Manyan baƙaƙe 26, ƙanana 26, lambobi 10, watau 62 ke nan. In girma biyar aka sayar masa, sun zama 310. Kowane kamfani kuwa da irin fayil da kekensa ke ci: Brother na cin PES, Janome JEF, Tajima DST, Pfaff da Husqvarna Viking VP3. A lura, DST ba ya riƙe launin zare, sai dai wurin da za a tsaya a sake shi.

Wanda bai sani ba yakan ɗauko haruffan ɗai-ɗai yana jerawa da ido. Sunan mutum ɗaya sai ya ci masa rabin sa'a, ya fito kuma a karkace. In sunayen 'yan makaranta arba'in aka kawo fa? Maganin abin shi ne a ɗora kowane harafi a kan madanninsa, yadda in an buga suna sai ya fito a jere kamar a tafireta.

HANYA MAI SAUƘI

Tun kafin a biya kuɗi, a duba ko mai sayarwa ya haɗa da fayil wanda aka riga aka ɗora. Iri biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya BX, na manhajar Embrilliance. Ana jawo shi a saki a kan fuskar manhajar, sai sunan haruffan ya shiga jeri. Manhajar tana da sashe na kyauta, Express, wanda ya isa a buga suna da BX a ajiye shi ta irin da keke ke ci. Na biyu ESA, na manhajojin Wilcom da Hatch. Shi ana zuba shi cikin jakar haruffa ta manhajar, a rufe ta a sake buɗewa. Amma fa kome aka saya yakan zo a ƙunshe, watau zif. Sai an kwance ƙunshin tukuna. A ajiye na asali a filashi dabam, gama kwamfuta ba ta da alkawari.

IN BABU WANNAN FA?

Sai mutum ya ɗora da kansa, da manhaja mai wannan aiki, kamar AlphaTricks na Embrilliance. Aikin yamma ɗaya ne, amfaninsa kuwa na shekaru. Ga yadda ake bi:

1. A ware girma ɗaya, irin fayil ɗaya, a jaka ɗaya. Kada a gauraya na inci ɗaya da na inci biyu.

2. A duba kowane harafi ya faɗa a madanninsa. Windows ba ta yarda da fayil biyu a jaka ɗaya waɗanda bambancin sunansu babban baƙi da ƙarami ne kaɗai ba, don haka masu sayarwa sukan ƙara wata alama a sunan, manhaja kuwa takan ruɗe. An fi samun kuskure tsakanin O da sifiri, da tsakanin babban I da ƙaramin l da lamba 1.

3. A daidaita layin zama. Nan ne gizo ke saƙar. Kowane harafi an ajiye shi a tsakiyar filinsa, shi ya sa in an jera su haka sai ƙaramin a ya yi ta lilo a sama kusa da babban H. Dole ƙafar kowanne ta taka layi ɗaya, banda g, j, p, q da y, waɗanda wutsiyarsu ke sauka ƙasa. Wakafi ma yana ɗan leƙawa ƙasan layi.

4. A gyara tazara. A da V, ko T da a, in ba a matso da su ba sai a ga kamar an raba kalma biyu. In rubutu mai haɗe-haɗe ne, lalle bakin kowane harafi ya ɗan hau kan na gabansa, domin zare yakan ja yadi, abin da ya haɗu a fuskar kwamfuta ya rabu a riga.

5. A ba su suna mai faɗin girmansu, a ajiye.

KADA A MATSA WA HARAFI

Ga kuskuren da ya fi cin yadin mutane. Harafin saye an riga an ƙidaya sukar allurarsa. A ce tsawonsa inci ɗaya, watau milimita 25.4, tsakanin zare da zare kuwa milimita 0.4. In an rage shi rabi ba a rage suka ba, tazarar ta koma 0.2: zare ya cunkushe, ya tsinke, allura ta karye, shadda ta huje. In an ninka shi, tazarar ta zama 0.8, yadi ya riƙa leƙowa. Shi ya sa masana ke cewa kada a wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ko ragi ko ƙari. Haruffan ESA sun fi haƙuri, don manhaja ce ke sake lissafa sukarsu, amma su ma da iyakarsu. In Abdulƙadir mai tsawon inci ɗaya ya ƙi shiga zoben milimita 100, a ɗauko ƙaramin girma daga cikin waɗanda aka saya. Harafin da bai kai milimita 6 ba kuwa yana son siririn zare mai lamba 60 da allura 65/9, maimakon lamba 40 da 75/11 na yau da kullum.

BAƘAƘENMU MASU LANƘWASA

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Masu zana haruffan nan galibi Turawa suke yi wa, ba su san da ɓ da ɗ da ƙ ba, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya kuma ta yaɗa su daga 1939. Akawunan dā sukan buga b, d, k a tafireta su bi da alƙalami su sa lanƙwasa. Zare kuwa ba ya karɓar alƙalami. In an rubuta "Maraba da Baki" a ƙyallen biki, to, bakin mutum aka yi wa maraba, ba baƙi ba. Ɗanladi ma yana da haƙƙi a kan sunansa. Mu da muka yi zuriya uku ko huɗu a wannan ƙasa, jikokinmu da yawa ba su taɓa ganin Hausa a rubuce ba sai a irin waɗannan riguna. In mun koya musu kuskure da zare, wa zai warware?

Shawararmu ita ce teloli uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sa gwanin zane ya zana musu Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ da za su dace da haruffan da kowannensu ya saya. Sa'an nan a yi wa haruffan ɗori na biyu, na Hausa zalla, a sa ƙ a madannin q, ɗ a x, ɓ a v, tun da Hausa ba ta aiki da waɗannan. Ɗorin farko a bar shi don sunayen Turanci. Maƙwabtanmu Asante ma suna bukatar ɛ da ɔ, telan da ya tanade su ba zai rasa ciniki ba. A kuma tabbata akwai alamar hamza kafin a saya, in ba haka ba Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u sun shiga uku. Rubutun ajami da na Larabci kuwa daga dama yake tafiya, baƙi yana sake siffa a farko da tsakiya da ƙarshe, don haka ya fi kyau a sa a zana kalmar ɗungum.

GWAJI DA AMANA

Kafin allura ta taɓa kayan mai kaya, a ɗinka dukan haruffan a ƙyalle irin yadin da za a yi aiki a kai, da takardar ƙarfafa yadi a ƙarƙashi. A rataye ƙyallen a rumfa, mai saye ya zaɓa da idonsa, ya kuma rubuta sunan da hannunsa a littafi. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, a karanta sharaɗin mai sayarwa. Galibinsu sun yarda a sayar da kayan da aka ɗinka, amma ba su yarda a raba wa abokai fayil ɗin ba, ko kyauta. Wanda ya zana shi ma mai sana'a ne kamarmu, da gumin goshinsa yake ci. Dattawan sana'a su ja wa yaransu kunne a kan wannan.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.