Me ya sa maganin sauro ba ya ci kamar da?

Iyaye da yawa a Zongo da Manhyia suna kukan sun fesa magani amma sauro bai mutu ba. Gaskiyarsu ce, sauron ya canza.

In an fesa magani, raunana ne ke mutuwa. Masu juriya su tsira, su hayayyafa irinsu. Haka sauron maleriya a Gana ya saba da maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro. Feshin lambunan Kumasi ma yana ƙara masa juriya.

Ruwan da ya girma a ciki shi ma yana taurara shi. A Jafna ta ƙasar Siri Lanka, masana sun gano sauron zazzaɓin dengi da ya girma a ruwan gishiri fatarsa na yin kauri, magani ba ya ratsa ta sosai. Kumasi ba teku, amma a biranenmu tsutsar sauron maleriya tana rayuwa har a ƙazamin ruwa.

Don haka kada ku dogara da feshi kaɗai. Ku kwana cikin gidan sauro kullum, ku ɗinke inda ya yage. Ku yashe kwata, ku rufe randa. Yaro ya yi zazzaɓi, a kawo shi gwajin jini ran nan.