La'adar dillali ko kuɗin kiwo: abin da takardun bashin gwamnati ke ci wa ma'aikaci a Mubi

A kasuwar shanu ta Mubi kowa ya san cewa dillali sau ɗaya yake karɓar la'ada, ranar da aka yi ciniki, makiyayi kuwa ana biyansa muddin dabba na hannunsa. Wannan bambanci ne ke gaban malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, ko jami'in kwastan da ke aiki a kan iyakar Kamaru, idan ya tara ɗan abin da ya rage daga albashi yana son ranta wa gwamnati.

Manyan takardun bashi da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ke gwanjonsu duk wata sun fi ƙarfin ma'aikaci, domin mafi ƙarancin abin da ake saye ya ɗara naira miliyan 50. A watan Maris na 2017 ofishin ya fito da takardar adashen gwamnati, wadda ake fara saye daga naira 5,000, wa'adinta shekara 2 ko 3, ana biyan riba duk wata uku. Ana sayenta ta hannun dillalan hannun jari da ofishin ya amince da su. Galibinsu a Legas da Abuja suke, amma mutumin Mubi na iya buɗe asusu daga wayarsa. Lokacin da gwamnati ta fitar da takardar, mai saye ba ya biyan la'ada, kuma idan ya haƙura har wa'adi ya cika, uwar kuɗinsa za ta dawo cif.

Wahalar tana wurin fita. Wanda kuɗin makaranta ko jinya ya taso masa kafin wa'adi dole ya kai takardarsa kasuwar hannayen jari. A nan zai biya la'adar dillali da kuɗin hukumomi, sannan ga wata asara da ba a rubuta ta a rasit: masu sayen ƙananan takardu ba su da yawa, wanda ya taya kuwa ya san mai kaya a matse yake. Idan kuma kuɗin ruwa ya hau, darajar tsohuwar takarda faɗuwa take yi. Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'auninsa daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a watan Nuwamban shekarar, waɗanda suka sayar a tsakanin sun ji a jikinsu.

Asusun haɗaka, wanda kamfani mai rajista da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ke tafiyarwa, ya sauƙaƙa fitar: mutum ya nemi kuɗinsa, cikin 'yan kwanaki su shigo. Sai dai kuɗin kiwo ba ya tsayawa. A ce kamfani na cire kashi 1.5 a shekara. A kan naira miliyan ɗaya naira 15,000 ke nan, kusan 45,000 cikin shekara 3, ko an ci riba ko ba a ci ba. Ba a aiko da takardar neman biya, daga cikin dukiyar ake zarewa, shi ya sa da yawa ba su lura. Wasu asusun kuma suna yanke wani kaso na ribar wanda ya janye da wuri, kuma babu ranar da aka yi alkawarin mayar da uwar kuɗi daidai.

Masu ƙyamar kuɗin ruwa ma lissafin bai bar su ba. Sukuk ɗin da gwamnati ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, wa'adinsa shekara 7 ne, kuma tsawon wa'adi na ƙara yiwuwar a buƙaci kuɗin a tsakiyar tafiya.

Mutanen Mubi, da suka bar gari da abin da ke aljihunsu lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye shi a ƙarshen Oktoban 2014, ba sa bukatar a koya musu darajar kuɗin da ke fita da sauri. Abin da aka ware wa hayar baɗi ko kuɗin zangon karatu ya fi dacewa da asusun haɗaka, duk da abin da ake zarewa. Wanda aka ajiye don ginin gida bayan ritaya kuwa, babu dalilin biyan makiyayi a kansa.