Farin Kabeji da Danginsa: Amfaninsu ga Mai Juna Biyu da Yadda Ya Kamata a Dafa Su

Idan sanyin hunturu ya shigo, kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi sukan cika da kayan lambu. Ga kabeji, ga latas, ga karas, ga tumatir, ga kuma albasar Aliero. Wani lokaci a gefen tiren mai kayan salak za ki hangi wani abu fari, dunƙulalle, mai kama da curin auduga, ganye kore ya kewaye shi. Wannan shi ne farin kabeji. Da yawa daga cikin matanmu sukan wuce shi, suna cewa cimar Turawa ce ko ta 'yan boko. Wasu kuma maigida ya taɓa sayo musu, suka dafa shi har ya narke, ya cika gida da wari, daga nan ba su sake waiwayarsa ba.

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wannan kayan lambu, da abin da yake ɗauke da shi, da abin da ba ya ɗauke da shi, da kuma hanyar dafa shi ba tare da an zubar da amfaninsa ba. Duk abin da za mu faɗa game da dahuwarsa ya shafi kabejin da muka saba da shi, da alayyahu, da zogale, da rama. Saboda haka ko ba ki taɓa ganin farin kabeji ba, wannan bayani naki ne.

Mene ne farin kabeji?

Farin kabeji da kabejinmu na kullum tsatsonsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne, a jikin kabeji ganye muke ci, a jikin farin kabeji kuwa curin furen da bai buɗe ba muke ci. Asalinsa daga ƙasashen gabashin tekun Bahar Rum ne, kuma a yau ƙasashen Sin da Indiya su ne kan gaba wajen noma shi. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa a Nijeriya aka fi noma ta a tsaunukan Jos. Wannan ne dalilin da ya sa yake da tsada a wajenmu, kuma ba kullum ake samun sa ba.

Abin da ke cikinsa

Kofin shayi ɗaya na ɗanyen farin kabeji da aka yayyanka, wato kimanin giram 100, yana ɗauke da waɗannan:

1. Bitamin C, kimanin miligiram 48. Wannan ya kusa kai na lemon zaƙi, kuma ya fi rabin abin da mai juna biyu take bukata a rana.
2. Sinadarin folik asid, kimanin maikirogiram 57.
3. Zaren ganye mai taimaka wa hanji, kimanin giram 2.
4. Bitamin K, da bitamin B6, da sinadarin fotashiyam.
5. Kalori 25 kacal, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne.

Kabejinmu na kullum ba a bar shi a baya ba. A giram 100 yana da bitamin C kimanin miligiram 37 da folik asid maikirogiram 43, kuma ya fi farin kabeji yawan bitamin K nesa ba kusa ba. Ke nan wadda ba ta da kuɗin farin kabeji ba ta yi wata babbar asara ba.

Sai dai a lura, farin kabeji ba shi da sinadarin ƙarfe mai yawa, kuma kusan ba shi da bitamin A. Waɗannan sai a neme su a kifi, nama, ƙwai, wake, zogale, alayyahu, karas, kabewa da manja.

Me ya haɗa shi da ƙarancin jini?

Ƙarancin jini yana daga cikin manyan matsalolin da ake gani a ɗakin awon ciki. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mata masu juna biyu 6 cikin kowane 10 suna fama da shi. Alamominsa sun haɗa da kasala, jiri, haki, bugun zuciya da sauri, da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Matar da jininta ya yi ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure a wajen haihuwa ita tana iya kai ta ga halaka. Jaririnta ma yana iya zuwa bakwaini ko ya zo ba nauyi.

Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe domin ya ƙera jini. To amma ƙarfen da ke cikin wake, gero, dawa da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama da kifi. A nan ne bitamin C yake aikinsa: idan ya haɗu da irin wannan abinci a ciki, yakan taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen sosai. Saboda haka idan kika dafa shinkafa da wake, kika sa kabeji ko farin kabeji da tumatir a gefe, kin ƙara wa waken daraja. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana ƙarfe shiga jiki. Mai juna biyu ta bari sai bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci kafin ta sha shayi, kuma kada ta haɗiyi maganin ƙarin jini da shi.

Folik asid da ƙashin bayan jariri

A farkon shekarun 1930 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills ta yi aiki a birnin Bombay na ƙasar Indiya, inda wani nau'in ƙarancin jini yake kashe mata masu ciki. Ta gano cewa akwai wani sinadari a cikin yis da yake warkar da su. A shekarar 1941 masana suka tace wannan sinadari daga ganyen wani nau'in alayyahu, suka sa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye. Shi ne folik asid.

Bayan taimakawa wajen ƙera jini, folik asid yana da wani aiki mai girma. Ƙwaƙwalwar jariri da lakar bayansa suna fara haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Idan folik asid ya yi ƙaranci a wannan ɗan lokaci, ana iya haifar yaro da ɓaraka a gadon baya, wadda takan jawo shanyewar ƙafafu da kasa riƙe fitsari har ƙarshen rayuwa. Wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a Ingila a 1991 ya nuna cewa shan folik asid ya rage maimaituwar wannan matsala da kimanin kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan yaro.

Yanzu sai mu yi lissafi. Mai juna biyu tana bukatar kimanin maikirogiram 600 a kowace rana. Kofi ɗaya na farin kabeji bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ke nan babu wani ganye, komai kyansa, da zai maye gurbin ƙwayar da ake ba ki a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowace mai juna biyu ta sha ƙwayar sinadarin ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 a kullum. Ganye mataimaki ne, ƙwayar kuwa wajibi ce. Amarya da duk matar da take sa ran ɗaukar ciki, ya fi kyau ta fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga. Mai ciwon sikila, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar yaro mai ɓaraka a baya, su ga likita tun da wuri, domin adadin da za a ba su daban ne.

Sauran amfani

Mata da yawa suna kukan taurin bayan gida da basir idan ciki ya tsufa, kuma maganin ƙarin jini yakan ƙara wa wasu. Zaren da ke cikin kabeji da sauran ganye, tare da shan ruwa isasshe, yana sauƙaƙa wannan. Haka kuma wadda awo ya nuna sugan jininta ya hau, farin kabeji da kabeji suna cika ciki ba tare da sun ɗaga suga ba. Sai ta rage yawan shinkafa ko tuwo a kwano, ta cike gurbin da ganye da kifi, bisa tsarin da likita ya ba ta.

Saye da wankewa

Ki zaɓi wanda curinsa yake fari, a matse, ganyensa kore shar. Wanda ya yi baƙaƙen tabo ko ya yi laushi, ki bar shi. Tun da yawancin gidajenmu wuta ba ta zama, a sayi daidai wanda za a ci cikin kwana ɗaya ko biyu, a ajiye shi a inuwa, kusa da randa. Zafin rana yana cinye bitamin C tun kafin a kai ga tukunya.

Kayan lambu sukan ɗauko ƙasa, taki, ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta daga gona da kasuwa. Ki wanke hannunki da sabulu. Ki ɓare curin gida-gida, ki jiƙa cikin ruwan gishiri na minti 10 domin ƙananan tsutsotsi su fito, sannan ki ɗauraye da ruwa mai tsabta irin wanda za ki iya sha. Ganye kuwa a wanke shi kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Kada a yanka kayan lambu a kan faranti ko da wuƙar da aka gyara ɗanyen kifi ko nama sai an wanke su da sabulu. Mai juna biyu ta guji salak ɗin bakin titi da na wajen biki wanda ba ta san yadda aka wanke shi ba.

Dahuwar da ba ta kashe amfani

Bitamin C da folik asid suna da abokan gaba guda uku a madafa: ruwa mai yawa, doguwar wuta, da kanwa. Dukansu biyu suna narkewa cikin ruwa. Idan aka tafasa ganye aka tsiyaye ruwan aka zubar, kusan rabin folik asid ɗinsa yana iya bin rariya. Kanwa kuwa tana sa ganye ya yi laushi da wuri ya kuma tsaya kore, amma tana lalata bitamin C. Ga hanyoyin da suka fi:

1. Turarawa. Madambacin da kike dambu da shi ya isa. Idan ruwa ya tafasa, ki zuba farin kabeji a sama, ki rufe, minti 5 zuwa 7. Da zarar cokali mai yatsu ya shige shi amma bai farfashe ba, ya yi. Wannan ita ce hanyar da ta fi riƙe amfani, kuma ba ta kawo warin nan.

2. Cikin miya ko romo. Mu da Allah Ya hore wa kifi daga gulbinmu, wannan ta fi mana sauƙi. Ki haɗa romon tarwaɗa ko karfasa da albasa, tumatir, citta da daddawa. Sai kifi ya nuna, saura minti 5 a sauke, sannan ki zuba farin kabeji ko kabeji. Abin da ya fita daga ganyen yana cikin romon, kuma za a shanye shi.

3. Cikin dafa-duka ko faten wake. A zuba shi tare da karas daf da saukewa, a rufe tukunya, tururi ya ƙarasa shi.

4. Suya sama-sama. Cokali ɗaya ko biyu na man gyaɗa, albasa, tattasai, sai farin kabeji da aka yanka ƙanana. A juya na 'yan mintoci, a fasa ƙwai a kai, a bari ƙwan ya nuna sosai. Ba a tsoma shi cikin mai kamar ƙosai.

5. Kwaɗo. A turara shi, a haɗa da zogale, ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa, a matsa lemon tsami.

Kada a zubar da ganyen da ke kewaye da curin da kuma ƙashinsa, duk ana cin su. A dafa daidai ci, domin yawan ɗumame yana ƙarasa bitamin ɗin da ya rage. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Tambayoyin da aka saba yi

Yana kumbura ciki? Yana iya sa wa wasu iska, kamar yadda wake yake yi. A fara da kaɗan, a ci dafaffe, a tauna sosai. Wannan iska ba ta cutar da jariri.

An ce yana kawo maƙoƙo? Dangin kabeji suna da wani sinadari da kan iya rage wa maƙogwaro amfani da aidin, amma sai ga wanda yake cin ɗanye da yawan gaske kuma jikinsa yana da ƙarancin aidin. Dahuwa tana rage shi. A riƙa amfani da gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe. Wadda take da maƙoƙo ta sanar da likita.

Yana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta yi wuya? A'a. Ganye, kifi da ƙwai ba sa hana haihuwa. Rashin jini da rashin ƙarfi su ne abin tsoro ranar naƙuda.

Kira ga maigida da iyaye

A gidajenmu maigida ne yake cefane, kuma sau da yawa uwar miji ce take faɗin abin da mai ciki za ta ci. Saboda haka wannan nauyi ba na matar ba ne ita kaɗai. Malam, idan ka shiga kasuwa, ba dole sai farin kabeji ba. Kabeji ƙulli ɗaya, alayyahu, ɗan kifi da lemo sun wadatar. Bishiyar zogale guda ɗaya a bayan ɗaki tana ciyar da gida har cikin bazara, lokacin da kayan lambu suka yi tsada. Inna, a riƙa zuba wa mai ciki nata kason kifi da ganye tun a farkon rabo, kada ta zama mai cin abin da ya rage.

Ke kuma uwargida, ki fara zuwa awo da zarar kin ga alamar ciki, kada ki jira sai ya fito. Tun shekarar 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ki sha magungunanki kullum, ki kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ma yana shanye jini. Idan kika ga jini, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko jariri ya rage motsi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzayo asibiti ko da tsakar dare ne.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana abin da za a haifa.